Tafireta Mai Sabon Fenti

Kai da hannunka ba ya iya barin abu yadda ya same shi, matso in ba ka wani misali.

An yi wani mai fentin mota, gwani na gaske, motar da ta yi hatsari in ta fito daga hannunsa sai ka rantse yau aka ƙera ta. Amma yana da wata cuta, tara kayan wani marubucin barkwanci da ya daɗe da rasuwa, wanda a zamaninsa in jarida ta fito akan taru a gindin bishiya, mutum ɗaya na karantawa, saura na riƙe ciki don dariya. Mai fenti ya tara tsofaffin jaridun, da wata hula, da tabarau mai ƙafa ɗaya, da buta, wai duk na marigayin ne. 'Yan majalisarsu kuwa suka mai da shi abin tsokana. Kowa ya tsinci tsohon takalmi a bola sai ya kawo masa, ya ce ga na mutuminka. Yakan yi dariyar yaƙe, amma abin na ci masa rai, don shi kansa ya san hula da buta ba su da shaida. Abu ɗaya ya tabbata a kansa, wata tsohuwar tafireta da ya samo wurin direban da ya kwashe kayan marigayin ranar da iyalinsa suka bar gari. Ita kaɗai ce za ta rufe bakin mutane.

Kwatsam sai ga labari: 'yar marigayin, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, tsohuwa tukuf, za ta zo garin biki, kuma ta yarda ta biyo ta ga kayan. Mai fenti ya gayyaci 'yan majalisa kaf, har da waɗanda suka fi kowa baki. Sannan ya jawo tafireta ya dube ta da idon sana'a. Subhanallahi! Ga lotsawa, ga ƙarce-ƙarce, ga wani tarkace ɗaure da waya. Ya ce a ransa, wannan zan nuna wa 'yar mutum mai daraja? Ai sai ta ce na wulaƙanta ubanta. Ya kai ta gareji, ya buge, ya goge, ya cire abin cirewa ya watsa cikin ƙarafan da 'yan gwangwan ke kwasa, ya fesa mata baƙin fenti mai sheƙi har kana ganin fuskarka a jiki. Ya lulluɓe ta da farin ƙyalle, yana yaba wa kansa.

Rana ta zo, zaure ya cika. Tsohuwa ta zauna ta sha ruwa. Mai fenti ya kama bakin ƙyalle zai yaye, sai ta ɗaga hannu. "Dakata, ɗana. Bari in faɗi alamominta tun ban gani ba, kada wani ya ce kara na yi maka." Ta ce a gefen hagu akwai lotsawa, bunsurun maƙwabta ne ya tunkuyi tebur ta faɗo, Baba ya rama da rubuta labarinsa a jarida, har mai bunsurun ya daina gaishe shi. Zaure ya ɗauki dariya. Mai fenti ya sunkuyar da kai, don da gudumarsa ya daidaita wurin. Ta ce ƙarfen da ake tura takarda da shi ya karye, Baba ya ɗauke cokalin Inna ya ɗaure a madadinsa, aka yi ta cigiyar cokali a gida alhali yana gaban kowa. Aka sake kwashewa da dariya. Mai fenti ya tuna tarkacen nan da ya watsa wa 'yan gwangwan. Sai muryar tsohuwa ta yi ƙasa. Ta ce a bayan tafiretar akwai 'yar kaza da ta zana da ƙusa tana ƙarama. Baba ya ɗauko bulala, da ya ga kazar sai ya ajiye, ya ce wannan ta fi duk abin da ya rubuta ban dariya. "Don kazar nan na zo," in ji ta. "Buɗe."

Ba yadda zai yi, ya yaye. Tafireta ta ɗauki haske, wal-wal. Tsohuwa ta shafa gefen hagu, sumul. Ta sa aka juyo mata bayan, ta kai ido kusa, ta bi da yatsa a hankali, ta sake bi. Mai fenti ya hau lissafi a ransa. In ya ce shi ya goge, wa zai yarda, bayan ko alama ɗaya ba ta rage ba? In kuma ta yarda, to ya gaya wa tsohuwa ke nan da bakinsa cewa shi ya kashe mata kazarta. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi, ta dube shi da tausayin da ya fi zagi ciwo. "Allah Ya saka maka, ɗana, an cuce ka. Ta Baba ba ta taɓa yin kyau haka ba."

'Yan majalisa ko tsokanar ba su iya yi ba, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Aka bar shi da tafiretar marigayi ta haƙiƙa, wadda duk duniya babu sauran mai shaidarta. Kuma ba ɓarawo ne ya yi masa ba, ba gobara ba, hannunsa ne da gwanintarsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.