Alhaji Ashiru da Takardu Miliyan Sha Ɗaya

Alhaji Ashiru ya tsallake shagunan kwamfuta uku a Ƙofar Ran, ya tari keke har Gwallameji, inda yake ganin ba wanda ya san fuskarsa.

Tun shekaranjiya abinci ya daina shiga. Matarsa Hajiya Rukayya ta toya masar da ya fi so, ya gutsiri ɗaya ya ture kwanon.

Rediyo ne ya jawo. An ce asirin masu ɓoye dukiya a tsibiran ƙasashen waje ya tonu, takardunsu sun faɗa hannun 'yan jarida. Ba ɗari ba, ba dubu ba, sama da miliyan goma sha ɗaya. Ɗaruruwan mutane sun daɗe suna karantawa, har yanzu ba su ga ƙarshensu ba.

A kasuwa kuwa, kowa ya san Alhaji Ashiru da kuɗi a waje. Wasu su ce Dubai, wasu su ce wani tsibiri mai wuyar suna. Shi dai bai taɓa cewa e ko a'a ba, sai dai ya yi murmushi ya gyara tsohuwar hularsa. Rashin motarsa ma, a wurin mutane, wayo ne na manya. A sahun gaba ake zaunar da shi a kowane ɗaurin aure, kuma shi 'yan ƙungiyar masu sayar da atamfa suka tsayar takarar shugabanci.

Abokin takararsa, Nasiruddeen, shi ya ƙarasa hana shi barci. "Takarda miliyan sha ɗaya fa!" ya faɗa a majalisa. "Duk wanda ya taɓa ajiye ko sisi a can, sunansa na ciki. Ranar zaɓe zan zo da waya, mu duba na kowa a gaban jama'a." Ya kalli Alhaji, ya ƙara da cewa, "Ko ba haka ba, yallaɓai?"

Mai shagon kwamfutar da ya shiga a Gwallameji wata mata ce, Chioma. Sai da kowa ya fita sannan ya matso da kujera, ya raɗa mata abin da ya kawo shi. Ta buɗe shafin da 'yan jaridar suka zuba sunayen, ta rubuta nasa.

"Alhaji, kwamfuta ya ce babu."

"Sake dubawa, Madam. Sa da sunan mahaifina."

Ta sa. Babu. Ta gwada da Bauchi, ta gwada da sunan shagonsa, ta juya rubutun ta kowace hanya. Zufa ta jiƙe wuyan babbar rigarsa.

"Babu, Alhaji. Wallahi ko kusa babu." Chioma ta yi dariya, ta miƙo masa ruwa mai sanyi. "Ka gode Allah, ka koma gida ka ci abinci. Kai mutum mai gaskiya ne."

Bai karɓi ruwan ba. Ya leƙa ƙofa, ya leƙa taga, sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Madam, ni ko sisi ban taɓa mallaka a wajen Bauchi ba. Nawa za ki karɓa ki ɗan saka sunana a ciki?"