Akuyar Aro

Wata ɗaliba ta riga ta ɗaure kayanta za ta koma ƙauyensu, Falanko, don geron bana bai kai kuɗin makarantar koyon jinya ba, sai ga abokiyar ɗakinta, Bafulatana, janye da akuya mai ciki.

"Habbanaye ne, al'adarmu," in ji ta. "'Ya'yan naki ne, ki sayar ki cike kuɗin. Uwar dai aro ce."

Akuya ta yi ta zuba tagwaye har karatu ya ƙare. Ranar mayarwa, Bafulatanar ta ƙi karɓar igiya. Ta nuna bakin ƙofa, inda wata Buzuwa, sabuwar ɗaliba, ke zaune kan ƙullin kayanta, ita ma rashin kuɗi zai mayar da ita gida.

"Ni ma aro aka ba ni. Kai mata."