Akwatin Bakin Ƙofa

Sai da Jabir ya gama maganar aure sannan Hanan ta ɗago kai. Suna zaune a gonar dabinon yayanta, a unguwar Al-Awali ta Madina.

"Akwai abin da ba ka sani ba," ta ce. "Kakata Bayahudiya ce. Ta gudo daga Jamus, aka tsare ta a sansani, bayan yaƙi ta zauna a Jos. Har ta rasu, akwatinta na ɗaure a bakin ƙofa. Nawa ma haka yake, Malam. Ban iya zama ba."

Ya daɗe yana kallonta.

"Babba ne?"

"Me?"

"Akwatin. Ki rage mini gefe, in sa jallabiya biyu."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"To, shi ke nan," ta ce, tana dariya. "Amma ɗaya."