Bod Ɗin Barira

Tun da aka hana shigo da sabbin kayan kwamfuta, sai na hannu ake samu, kuma kowane bod, wato allon cikin kwamfuta, yana zuwa da halin tsohon mai shi.

Barira mai zanen gidaje ta kasa zama a shagon Sagiru mai gyaran kwamfuta. Kwamfutar da ta haɗa da hannunta ta mutu, ga zanen asibiti ana jira jibi.

"Wannan na alƙali ne, Hajiya, ba ya yarda a goge komai," in ji Sagiru. "Wancan na tela ne."

"Ba na son gobe-gobe. Ba ni na alƙalin."

Ta kai hannu za ta ɗauki nata ƙonannen, sai ya dafe shi.

"Ki sayar min. Na ɗan tashe shi ɗazu, nan da wata guda zai gyaru."

"Wane hali ka gani?"

Ya sunkuyar da kai. "Yana tashi sai ya buɗe zanen wani ɗan gida mai ɗaki biyu, an rubuta 'na Inna'. Ya daɗe a kai kafin ya rufe."

Shekara shida da rasuwar mahaifiyarta, ko tubali ba a aza ba. Barira ta fizge bod ɗinta, ta cusa a jaka.