Waya ta Uku a Gidan Barakatu

"Rauta, na'urar intanet ɗinki, lafiya lau take, Mma Barakatu," in ji Rafiu mai gyara, idonsa kan kwamfuta. "Wani ne ke shanye miki intanet, shi ya sa ba ya sauri. Wayoyi uku ne a kai: ga wayarki, ga tawa, ga ta uku mai suna Basiru."

Barakatu ta dafa bango. Basiru mijinta ne. Wata biyu ke nan da ya rasu, motar shanu ta kife da shi a hanyar Tamale. Wayarsa ba a taɓa ganinta ba.

"Tana iya kamawa daga nesa?"

"A'a, sai tana cikin gidan nan. Bari in canza lambar sirri."

Ta rufe masa kwamfutar.

"Bar intanet ɗin ya yi ta tafiyar hawainiya. In ka canza, ta ina Basiru zai shigo?"