Kori a Miyar Kuka

Munawwara ta ajiye wa saurayinta Musaddiq tuwo da miyar kuka a zauren gidansu na Kwandiko. Ya daɗe yana aiki a jirgin ruwa, yau kuma zai faɗa mata ko ya dawo ke nan.

Ya yi loma ɗaya, sai ya zaro gwangwani daga aljihu, ya barbaɗa garin kori, yajin Indiyawa, a miyar.

Ta dubi kwanon, ta dube shi. "Da hannuna na daka kukar nan."

Ya sunkuyar da kai. "Ba raini ba ne. Mai dafa mana abinci Ba'indiye ne. Da farko gara in kwana da yunwa. Yanzu in babu kori, abinci ba ya shiga."

"Komawa za ka yi ke nan."

Ya tura gwangwanin gabanta. "Na bar jirgi. Amma bakina ya riga ya canza. Za ki iya da ni haka?"

Ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ta daɗe tana juya gwangwanin kafin ta ƙulle shi a gefen mayafinta.

"Ba a zuba wannan a kuka," ta ce. "Gobe shinkafa zan dafa."