Ƙafar Hagu a Kan Birki

Guntu ya zaro sandar awon man giyar mota, ya shafa a yatsa, ya sansana. Man ya yi baƙi, yana ƙaurin ƙonewa. Akori-kurar matarsa ce, wadda take rarraba ƙwai da ita, kuma mako biyu ke nan tana ƙorafin giyar tana jinkiri kafin ta shiga ta uku, in ta shiga kuma sai ta yi fizga.

Shi bakanike ne, ya san giya mai canza kanta ba ta ƙonewa haka kawai. Ya duba ƙarƙashi, babu yoyo. Ya jona na'ura, ba ta nuna komai ba sai zafi da ya yi yawa. Sai ya buɗe ƙofar direba ya durƙusa.

Robar birki ta cinye ta gefen hagu. Wani ne ke taka birki da ƙafar hagu alhali ta dama tana kan totur, mota na ja, birki na riƙewa, giya na dahuwa a tsakani. Matarsa kuwa da ƙafa ɗaya take tuƙi, shi ya koya mata. Sandar giyar ma ta yi lako-lako, alamar mai jan ta da hannu irin na direbobin manyan motoci.

Ya zauna a kujera, ƙafarsa ta kasa kai wa totur. An tura kujerar baya har ƙarshe. Dogo ne ke nan. Guntu, wanda ya ɗauko tsawon mahaifiyarsa kuma bai taɓa yafe wa dogaye ba, ya ji kishi ya turnuƙe shi.

Ya shiga lissafi. Duk ranar Talata matarsa takan kai Baba, mahaifinsa, asibiti gashin ƙashi, tun da ɓarin jikinsa na dama ya yi rauni har Guntu ya karɓe masa makullan mota. Ta ce layi ne ke cinye musu yini. To, in ta ajiye tsoho a layi, ina take zuwa? Ya tuna yadda take dawowa ranar Talata da fara'a, har da 'yar waƙa a kicin.

Da yamma ya ce wa matarsa, “Wa ke tuƙa motar nan bayan ke?”

Ta ci gaba da jera ƙwai. “Maigida, gyara na kawo maka ko shari'a?”

Bai kwana da wannan amsa lafiya ba. Shekarun aurensu yake gani suna ƙauri kamar man nan. Ya canza mai da abin tace shi, ya miƙa mata makulli.

Ranar Talata ya rufe gareji, ya ari babur ya bi ta daga nesa, amma cunkoso ya raba su. A asibiti bai ga motar ba. Ya yi ta zagaye gari, zuciya na tafasa, har ya hango ta a wani fili bayan wata tsohuwar masana'anta, tana kewayawa a hankali, fitilar birki a kunne ba ta mutuwa. Matarsa na kujerar gefe tana dariya. A kan sitiyari kuwa ga kafaɗun namiji, kai ya kusa taɓa rufi.

Ya jefar da babur, ya tari gaban motar. Ta tsaya da fizga. Ya zagaya da sifana a hannu, bakinsa cike da maganar da ba a janyewa, ya fizge ƙofar direba.

Sandar dogarawa ta faɗo ƙasa, Baba, dogon tsohon direban manyan motoci, ya ɗago hannu daga sitiyari, ya ce, “Kar ka yi mata faɗa, ɗana, ni na roƙe ta.”